DARASIN CINIKI: Ga Wanda Zai Sayi Jirgin Ruwa Karo Na Farko

 Darasinmu na wannan fitowa a kan jirgin ruwa ne, watau kwale-kwale mai inji, irin wanda ke jigilar albasa da shinkafa da banda da mutane tsakanin Yawuri da Wara da Malale da sauran kwatocin tafkin Kainji. Dalilin da ya sa muka ɗauko shi, mun lura duk ɗan kasuwar da ya daɗe yana biyan kuɗin fito, wata rana sai zuciya ta raya masa cewa da jirgin nasa ne da wannan kuɗi ya zauna a aljihunsa. Sai ya je kwata ya tambayi nawa ake haɗa jirgi, a gaya masa, ya ga ai uwar kuɗinsa ta isa, ya ba da kafin alƙalami. To daga nan ne labari yake farawa.

Ku sani, kuɗin da ake ƙirga wa kafinta shi ne ƙarami a cikin kuɗin jirgi, kuma sau ɗaya ake biyansa. Manyan suna baya, kullum ake biyansu, ko an yi lodi ko ba a yi ba.

Fasali a kan gangar jirgi

Jirgi iri uku ne a ruwayenmu. Akwai na sassaƙa wanda ake fafewa daga itace guda, wannan na masunta ne da ƙaramin fito, ba shi muke magana ba. Akwai na faiba, wanda wasu ke ce wa na roba, ba ya ruɓa, amma yana da tsada, kuma in ya tsage ba kowace kwata ce ke da mai ɗinke shi ba. Sa'an nan akwai na katako, shi ne jakin 'yan kasuwa.

Na katako, ƙarkonsa yana ga itacen da aka yi shi. Maɗaci da loko suna jure ruwa, amma suna da nauyi da tsada. Farin katako mai laushi yana da araha, sai dai araha ba ta ado, shekarunsa kaɗan ne ya fara shan ruwa ya yi taushi. Abin da ya fi wannan cutar da sabon shiga shi ne ɗanyen katako. In an haɗa jirgi da katakon da bai bushe ba, ran nan za ka gan shi sumul, amma da rana ta dake shi wata biyu sai katakan su tsuke, tsakaninsu ya buɗe, ka koma sayen auduga da kwalta kana toshiya. Saboda haka a tambayi kafinta yaushe aka yanka katakon, kuma a fayyace tun wurin ciniki ko kuɗin da ya faɗa ya haɗa da ƙusoshi da kwalta da fenti da bencina, ko kuwa na aikin hannunsa ne kurum. Rigima da yawa a nan take tashi. Haka nan in a wani gari aka haɗa shi, kuɗin motar da za ta kawo shi bakin ruwa da na ƙartin da za su sauke, duk naka ne.

Kuma kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Babu jirgin katako da ba ya yoyo, sai dai wani ya fi wani. Shi ya sa kowane jirgi yake da yaro mai kwarfar ruwa, yaron nan kuwa yana cin abinci. In ka bar jirgi cikin ruwa yana ruɓa a hankali, in ka jawo shi tudu rana ta buɗe shi. A ƙalla sau ɗaya a shekara sai an fito da shi an kankare, an sauya katakon da ya mutu, an sake toshiya da kwalta.

Mai sayen na hannu, kada ya yarda a yi ciniki jirgi yana cikin ruwa. A jawo shi tudu, a kifa shi in da hali, ya bi katakan ƙasa da bakin wuƙa yana sokawa. Inda wuƙa ta shige ba gardama, wurin ya ruɓe, ko da sabon fenti ya rufe shi. Ya fi mai da hankali ga katakon baya wanda ake ɗaura inji a kansa, domin shi ne ke ɗauke da nauyin inji da girgizarsa duka.

Fasali a kan inji

Yanzu ga inda kuɗi yake. Sau da yawa injin ya fi jirgin kansa tsada, wani lokaci ma ninki. Kuma inji kayan waje ne, dala yake bi. A watan Yuni 2023 da gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 750, kafin ƙarshen Fabrairu 2024 ta wuce 1,500. Duk wanda aka gaya wa kuɗin inji kafin wannan lokaci, ya je da su bayansa, rabin inji ya tarar kuɗinsa za su saya. Kayan gyara ma haka. Don haka farashin inji ba a riƙe shi a ka, ranar da za a saya ake tambaya.

Wanda ya fi yawa a kwatocinmu shi ne Yamaha Enduro, mai shan fetur gauraye da baƙin mai, akwai mai ƙarfin doki 15, da 25, da 40, da 60, da 75. Ba talla muke yi wa kowa ba. Abin da muke cewa, ka sayi irin wanda makanikin kwatarku ya san cikinsa, kuma ake samun kayansa a kasuwar kusa. Injin da sai an aika Legas ko Anacha kafin a samo masa farfela, ko kyauta aka ba ka ya yi tsada, domin duk kwanakin jiran jirgi yana kwance.

Wani abu da sababbin shiga ba su cika sani ba, inji yana da doguwar ƙafa da gajera. Dole tsawon ƙafar ya dace da tsayin katakon baya. In ƙafa ta yi gajarta, farfela tana kama iska, inji ya yi ta kuka jirgi ba ya tafiya. In ta yi tsawo, tana jan ruwa a banza tana dukan ƙasa. Kafinta da mai sayar da inji su san da juna tun kafin a buga ƙusa.

Sabon inji yana da horo kamar ɗan maraƙin huɗa. Awa 10 na farko ba a buɗe masa wuta duka, kuma ana ninka masa baƙin mai, watau kashi 1 cikin 25. Bayan nan sai a koma kashi 1 cikin 50, ma'ana rabin lita na baƙin mai a jarka mai lita 25. Wanda ya rage wannan don tsimi, ko ya zuba na jabu, ya sani kuɗin da ya tsimanta ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da zai biya ranar da inji ya ƙone ba. Sai man giya na ƙafar inji, ana sauya shi wajen kowace awa 100. Sai fulogi. Sai 'yar robar nan mai fukafukai da ke cikin ƙafa tana tura ruwa sama don sanyaya inji. Ita 'yar ƙarama ce, kuɗinta ba yawa, amma ruwan Kwara da damina yashi gare shi, yana cinye ta. Alamarta tana aiki shi ne siririn ruwan da ke fita ta bayan inji, wanda matuƙa ke ce wa fitsari. In fitsari ya tsaya matuƙi bai lura ba, minti kaɗan ya isa inji ya tashi daga aiki.

Na hannu fa? Ba mu hana ba, amma da sharaɗi. A ɗaura shi a jirgi mai kaya, a yi tafiyar awa guda da shi, domin tashi cikin duro a gaban shago ba ya nuna komai. A kwance noti a ɗiga man giya a tafin hannu, in ya fito fari kamar madara ruwa yana shiga. A duba lambar jikin inji ta yi daidai da ta rasit. Satar inji sana'a ce a bakin ruwa, kuma wanda aka kama shi a hannunsa shi ne ɓarawo har sai ya fito da wanda ya sayar masa. Dillalai, wannan ya shafe ku kai tsaye, la'adar kwana ɗaya ba ta kai zaman caji ofis ba. Shi ma mai sabon inji ya sa kuɗin sarƙa da kwado da mai gadi cikin lissafi, ko kuwa a riƙa kwance shi ana kai shi gida kowane dare.

Fasali a kan mai, da lissafin sawu guda

Ga ƙa'ida mai sauƙin riƙewa. Irin waɗannan injuna, in an buɗe musu wuta duka, kowane doki yana shan kusan rabin lita a awa. Watau mai doki 15 wajen lita 7 zuwa 8, mai doki 40 kusan lita 20. Ku sake karantawa, lita 20 a awa guda. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da aka cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a gidan mai. Cikin kwanaki ta koma wajen 500, a Oktoba 2024 ta haura 1,000, daga nan ta dinga hawa da sauka. Kuma ku tuna a tunga ko tsibiri babu gidan mai, wurin 'yan bumburutu ake saye, da ribarsu a kai.

To bari mu buga misali. Lambobin da ke tafe namu ne na koyarwa, mun zaɓe su don sauƙin ƙirga, kowa ya cire su ya sa na kwatarsu.

Mu ƙaddara jirgi mai ɗaukar buhu 60, da inji mai doki 40, duka sun tashi naira miliyan 6. Kasuwar da za a je awa 2 ce zuwa, awa 2 dawowa. Fetur lita 80, a naira 1,000, ya kama 80,000. Baƙin mai kusan lita 2, mu ce 10,000. Matuƙi da yara biyu da abincinsu, 20,000. Kuɗin kwata nan da can, da na ƙungiya, 6,000. An tashi 116,000. In ana fiton buhu a naira 2,000, jirgi ya cika maƙil ya tafi, ya dawo wayam, an karɓi 120,000. Mai jirgi ya ƙirga ya ga rarar 4,000, ya ce to ba laifi, yau ba a faɗi ba, gobe a yi riba.

Alhali an faɗi, bai gani ba ne. Jirgin da injin suna tsufa a kowane sawu. In yana so ya mai da miliyan 6 ɗinsa cikin shekara 4, kuma yana sawu 75 a shekara, watau sawu 300, to dole kowane sawu ya ware 20,000 ya ajiye. Ga na gyara, mu ce 10,000. Ashe ainihin kuɗin sawun 146,000 ne, daidai da fiton buhu 73, a jirgin da 60 yake ɗauka. Kowane zuwa yana asarar 26,000, kuma ba ya jin zafinta domin ba daga aljihu take fita ba, daga jikin jirgin take fita. Sai ranar da inji ya mutu ya nemi kuɗin sabo ya rasa, sa'an nan ya gane shekara uku yana cin uwar kuɗinsa da sunan riba.

Yanzu a ce ya sami kayan dawowa ko da rabin jirgi ne, buhu 30 na gishiri ko siminti ko taki. An karɓi 180,000, an cire 146,000, saura 34,000 riba ta gaskiya. Kun ga ashe ribar jirgi a dawowa take. Wanda bai san abin da zai ɗauko daga can ba, bai gama shirin saye ba.

Hanya ta biyu ta rage asara tana hannun matuƙi. Jirgin katako mai nauyi yana da iyakar gudun da yake yi cikin sauƙi. In an wuce nan, sai gaba ya ɗaga, baya ya nutse, ya yi ta tura ruwa, mai yana ƙonewa gudu bai ƙaru da abin kirki ba. Matuƙin da ya sassauta wuta zai isa a makare da 'yan mintoci, amma zai dawo da mai a jarka. Saboda wannan ne ma muke ganin babban inji a ƙaramin jirgi ado ne kawai. Kuma tafiya gaba da ruwa ta fi bin ruwa shan mai, kada a auna sawu da rabinsa mai sauƙi.

Shi kuma ɗan kasuwar da ya ce don kayansa kaɗai zai saya, ya yi wannan ƙirga. In buhu 20 yake fitarwa a mako, kuɗin fitonsa 40,000 ne, a shekara miliyan 2 da 'yan kai. Jirgin misalinmu kuwa yana cin kusan miliyan 11 a shekara kafin ya tsaya da ƙafarsa. Sauran miliyan 9 daga kayan mutane za su fito. Ashe sabuwar sana'a ya shiga, ta neman lodi da jiran fasinja da rigima da 'yan kamasho, kuma kuɗin da ya kamata su juya a albasa sun kwanta a katako.

Me ya sa muka ce sawu 75, ba mu ce 100 ba, alhali sau biyu ake zuwa a mako? Domin ruwa ba titi ba ne. Tafkin Kainji ruwa biyu yake samu. Farin ruwa na daminarmu, wajen Agusta zuwa Oktoba, da baƙin ruwa wanda ya taso tun daga duwatsun Gini ya ratsa Mali da Nijar, yana isowa cikin sanyi. Daga bazara kuwa tafki yana ja har ya sauka wajen mita 10, kwata ta yi nisa da gari, a ƙara kuɗin 'yan dako da amalanke. Kuma lokacin da aka gama madatsar a 1968, ruwa ya haɗiye tsohuwar Busa da gonaki da dazuzzuka, kututturan itatuwan nan har yau suna ƙasa. In ruwa ya ja sai su matso kusa da sama, farfela ta doki ɗaya ta karye, ko katakon ƙasa ya fashe. Ga hadarin farkon damina da ke tayar da igiya a hana fita, ga hazo, ga kainuwa da ciyawa masu naɗe farfela, ga kwanakin gyara. Wata uku a shekara, a ƙaddara babu su.

Har wa yau a duba ko hanyar da za a bi mai ɗorewa ce. A 2023, bayan juyin mulkin Nijar, da aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, fito ya yi tashe ƙwarai a wurin. Amma cinikin da rufe gada ya kawo, buɗe gada yana iya tafiya da shi rana ɗaya. A kogin Binuwai kuma an buɗe gadar Loko zuwa Oweto a Mayu 2023, kuma duk inda mota ta sami hanya, kaya mota suke bi. Mai neman mai da kuɗinsa a shekara 4 ya tambaya ko akwai gada ko titi da ake shirin yi a yankin.

Batun takardu ba mu tsawaita ba. Akwai rajista wurin Hukumar Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997, hedkwatarta tana Lakwaja. Akwai na ƙungiya, da na ƙaramar hukuma, da abin da al'ada ta tanada ga sarkin kwata. A tambaya a biya, a karɓi rasit. Hukumar ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya ga kowane fasinja. Jirgi mai ɗaukar mutum 30 riga 30 yake bukata, ban da na matuƙi da yara, kuma kuɗinsu cikin kuɗin saye yake, tare da filafilai da gora da igiya da anga da farfela ta biyu.

Ga dalilin da ya sa muka matsa a kan lissafi haka. Mai jirgin da sawunsa ke cin buhu 73 alhali jirginsa 60 yake ɗauka, hanya ɗaya ce ke zuwa masa a rai, ya ɗora 75. Ya ɗaga gyaran bana zuwa baɗi, ya bar rigunan kariya sai an samu, ya ƙara sawun dare. Ranar Laraba 26 ga Mayu 2021 jirgin da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara a ƙaramar hukumar Ngaski ya tarwatse a tsakiyar ruwa da mutum sama da 150 a ciki, kaɗan ne suka fita. A Yuni 2023 kuma a yankin Patigi mutum fiye da 100 suka rasu cikin dare suna dawowa daga biki. Allah ya jiƙansu. Ba mu ce mun san aljihun masu waɗannan jirage ba, amma lodin da ya wuce ƙima da tsohon katako da tafiyar dare su ne ake ta ambata duk lokacin da irin wannan ta faru, kuma duka ukun ƙarancin kuɗi yana tura mutum gare su. A sa kafinta ya ja layin fenti a jikin jirgi inda ruwa zai tsaya in an yi lodin ƙa'ida, a gaya wa matuƙi a gaban shaidu cewa in layin ya nutse a sauke kaya, ko na wane ne.

Shi matuƙin ma a yi yarjejeniya da shi a rubuce. In balas zai riƙa kawowa, ku sani balas mai nauyi shi ke sa shi ƙarin lodi da gudu. In kashi za a raba, a fayyace ko kafin a cire mai ne ko bayan an cire, wa ke sayen fulogi, wa ke biyan farfela in ta karye. Man kuma a riƙa auna shi da jarka a gaban mai jirgi ko wakilinsa, fita da dawowa.

Wanda har yanzu yake da niyya, kafin ya ba da ko sisi ya sayi littafi da biro, ya bi jirgin wani a hanyar da yake so na tsawon wata guda, in da hali ya sake bi lokacin da ruwa ya ja. Ya rubuta jarka nawa aka zuba, awa nawa aka yi, buhu nawa aka tafi da su, nawa aka dawo da su, mutum nawa aka biya a kwata, da kwana nawa jirgin ya yi bai fita ba. In ya buga ya ga da riba, ya saya, amma ya bar a ƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa a hannu domin man watannin farko da gyaran da zai taso kafin 'yan kasuwa su saba da jirginsa. In kuɗin ba su kai a bar wannan ba, ya rage girman jirgin da na injin, ko ya nemi abokin tarayya wanda ya riga ya san ruwan, su rubuta rabon kowa.